Ƙaramar wutar da Inna ta kashe

Shekarun baya, lokacin ina tuzuru a gidanmu na Jega, na mallaki wata kwamfuta irin ta tebur, mai ƙaton akwati da allo mai ƙeya kamar tsohuwar talabijin. Ta hannu ce. Abokina da ke gyaran kwamfutoci a Aliero ne ya harhaɗa mini ita daga gawarwakin wasu guda uku, ya ɗauro ta a bayan babur ya kawo mini har gida. Abin da ya tuno mini da ita shi ne tambayar da wani a cikinku ya yi shekaranjiya, wai shin ya fi kyau mutum ya kashe kwamfutarsa in zai kwanta, ko ya bar ta a kunne. Na ga amsoshi iri-iri, kowa da hujjarsa. Ni ban ce komai ba a wurin, don tawa amsar ba za ta shiga layi biyu ba.

A wancan lokacin ina aikin buga takardu a Maiyama. Kullum da safe in hau babur in tafi, da la'asar sakaliya in dawo. Ɗakina yana jikin zaure, kuma a iya sanina ni kaɗai ne mai kwamfuta a ɗaki duk unguwarmu, saboda haka kaina ya ɗan kumbura. Na ɗora faranti biyu na sola a kan rufi, na sayi batir biyu da inbata mai juya wutarsu ta zama irin ta gida, don wutar gari ba abin dogaro ba ce. Daga nan na ja waya zuwa ɗakin mahaifiyata, na sa mata fanka da ƙwan fitila ɗaya. Fankar nan ita ce abin kirki na farko da na taɓa yi mata da gumina. Ba ta taɓa yi mini godiya baki da baki ba, amma duk matar da ta shigo gidan sai an kai ta ɗaki an kunna mata ta gani.

Mahaifina manomin albasa ne, kuma yana da wata al'ada da ban taɓa ganin ya bari ba ko da ba shi da lafiya. In ya dawo daga sallar isha'i ya ci tuwo, sai ya zaga gidan kaf. Ya leƙa madafa ya tabbatar ba sauran garwashi, ya duba randa ko an rufe, ya kashe duk fitilar da ya gani, ya sa wa ƙofa sakata da bisimilla. A ƙarshe sai ya tsaya a bakin ɗakin mahaifiyata, ya yi gyaran murya ya ce, “Masu ɗaki, an ruhe? An kashe?” Ita kuma ta amsa daga ciki, “An ruhe, Malam.” Sannan gida ya kwanta. Ya ce haka addini ya koyar, ba a barin wuta a gida ana barci, kuma haka ya tashi ya ga ubansa yana yi a Kimba kafin su dawo Jega.

To, kwamfutata tana da wata 'yar wuta shuɗiya a gabanta, ba ta fi ƙwayar gero girma ba. A kanta muka fara saɓani da shi.

Abokin nan nawa ya riga ya karanta mini darasi ranar da ya kawo ta. Ya ce yawan kunnawa da kashewa shi ke gajiyar da na'ura, in dai da wuta, gara a bar ta ta kwana tana numfashi. Ni kuwa na riƙe maganar nan kamar wani babban malami ne ya ba ni fatawa. Daren farko da mahaifina ya zo wucewa ya hango shuɗin ta ƙasan labule, sai ya ɗaga labulen ya ce, “Wanga abu naka, mi yaka yi yanzu?”

Na ce, “Ba komi, Baba. Hutawa takai.”

Ya ce, “Hutawa da ido buɗe? Kai, ko jaki in rana ta hwaɗi ana sauke mai kaya. Kashe ta.”

Na shiga yi masa bayani, har da turancin da ni kaina ban gama fahimta ba. Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce in nuna masa inda ake kashe wutar ɗakin gaba ɗaya. Na nuna masa makunnin inbata. Ya sa yatsa ya danna, komai ya yi tsit, ya ce sai da safe. Daga baya na yi dabara, na samo baƙin salatif na manne 'yar wutar don kada ya gani. Kwana biyu na ci nasara. A na uku ya shigo ya ɗora tafin hannunsa a kan akwatin, ya ji ɗumi, ya dube ni, ya fita. Kunyar da na ji ranar ta fi ta duka. Daga nan na riƙa kashe ta da kaina kafin ya fara zagayensa, amma a raina ina ganin ni ke da gaskiya, kawai dai tsoho ne ba ya gane zamani.

Daminarsa ta ƙarshe ƙafafunsa suka kumbura, ya daina zuwa fadama. Ya koma zaman zaure a kan buzu, yana kallon masu wucewa. Mutumin da bai saba zama ba, sai zaman ya buɗe masa baki. Ya fara ba da labarai waɗanda ban taɓa ji ba duk tsawon rayuwata da shi: yadda suka taso daga Kimba da jaki biyu, yadda ya yi ƙodago a gonar wani a Jandutsi kafin ya samu tasa, shekarar da gulbi ya cinye masa shuka har ya yi niyyar barin noma, yadda ake gane albasar da za ta jure ajiya a rudu tun tana cikin ƙasa. Rudu shi ne rumfar kara da muke jera albasa a kai ta sha iska har farashi ya tashi. Ya lissafa mini kakanninmu har bakwai, da inda kowannensu yake kwance. Sai na fara ɗaukar muryarsa da wayata. Ya san ina ɗauka, har in ya ga na ajiye wayar a gabansa yakan gyara hula, wai kada a ji shi ba shiri.

Mun yi zama ya kai ashirin. A ciki akwai dariyarsa, wadda ba kasafai ake jin ta ba, akwai tarinsa, akwai inda ya karanta surorin da yake ja a sallar asuba. Akwai kuma muryar mahaifiyata daga nesa. Takan zauna a bayan ƙofar zaure ta cikin gida tana tsintar shinkafa, in ya yi kuskure sai a ji ta ce, “Ba shekaran nan ba ta, Malam, sai da anka yi haihuwa ta biyu.” Ni kuma in juya in ce, “Inna, don Allah, ana ɗauka hwa.” Sai ta yi shiru. Na faɗa mata haka ya fi a ƙirga, ban taɓa jin komai a raina ba.

Ya kamata in faɗa muku wani abu game da ni da ita. Ni ne ɗanta na fari, kuma ita mutuniyar da ce, mai alkunya ta gaske. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta kallon idona in tana magana, ba ta zama hira da ni, ba ta taka ɗakina. In tana son a gaya mini abu sai ta faɗa wa bango, ko ta ce “a ce ma wancan”, alhali ina tsaye a gabanta. Na tashi a haka, na saba, har na ɗauka ita mace ce marar yawan abin faɗa.

Wayata ta lokacin ba ta da wuri sosai. Duk zaman da muka yi sai in juye shi cikin kwamfuta in goge na wayar. Abin da nake cike gurbin da shi kuwa, Allah Ya yafe mini, bidiyon ƙwallo ne da na bukukuwan abokai. Ko sau ɗaya tunanin in ajiye muryar a wuri na biyu bai zo mini ba. Ina ganin ai tana cikin kwamfuta, kwamfuta kuma tana ɗakina.

Cikin sanyi mahaifina ya rasu, ranar wata Laraba bayan azahar. Allah Ya jiƙansa. Mahaifiyata ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita. Ƙanwarta ta zo ta taya ta zama har aka yi arba'in, sannan ta koma gidanta, gidan ya rage daga ni sai ita. Ba wanda ya ce mata ta yi, amma tun daren farko ita ta ɗauki zagayen nan nasa. Bayan isha'i ina jin takunta: madafa, randa, fitilar tsakar gida, sakata. Sai dai ba mai tambaya, ba mai amsawa. Ɗakina kuwa takan wuce shi kamar ba ya nan.

Kusan wata huɗu na kasa buɗe muryoyin. Sai wata Asabar da hantsi, ana saura kwana goma sha biyu ta fita takaba, na yi ƙarfin hali na danna na farko. Mahaifina ya yi sallama, ya yi gyaran murya, ya ce, “To, an hwara?” Ban kai minti biyu ba na tsayar, na kifa kaina a kan tebur na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. A nan, kunnena yana jikin tebur, na ji wani sauti daga cikin akwatin da ban saba ji ba. Ƙas, ƙas, ƙas, sai ya tsaya, sai ya sake. Na lalubo filas, 'yar ma'ajiyar nan ta aljihu, na soka don in kwashe muryoyin, na fara juyewa, sai komai ya daskare. Da ƙyar ta dawo hayyacinta. Na sake gwadawa, ta sake daskarewa.

Na kira abokina. Ya ce in kara wayar a jikin akwatin ya ji. Da na mayar da ita kunnena sai na ji muryarsa ta sauya, ba wasa a ciki. Ya ce faifan da ke riƙe da ajiya ne yake mutuwa. Ya ce, “Ka ji ni da kyau. Kak ka sake gwada kwasa, kana ƙara mai ciwo na. Kuma kome za a yi, kak ka kashe ta. Yanzu yana juyawa, in yat tsaya ba lalle shi sake tashi ba. Ka ba ni kwana ukku in zo da kayan aikina.”

A ranar na yanke shawara biyu, kuma dukansu ni kaɗai na yanke. Ta farko, ba zan gaya wa mahaifiyata ba. Na tsara a raina cewa ranar da ta fita takaba, bayan baƙi sun watse, zan ajiye mata lasifika a bakin ƙofa in kunna, ta ji muryar mijinta. Har ina hango yadda abin zai kasance, ina jin daɗin kaina. Ta biyu ita ce mai nauyin. Batiran nan biyu sun tsufa, ba za su iya riƙe kwamfuta har safe ba in fanka tana ja. Sai na bi wayar ɗakinta na cire daga jikin inbata. Da ta ga fanka ba ta juyawa, ta ce wa bango, “Ko abin nan ya lalace?” Na ce batir ne ya yi rauni, za a gyara. Ta ce Allah Shi kyauta, ba ta sake tayar da maganar ba.

Duk wanda ya san Jega a ƙarshen bazara ya san abin da na yi. Zafin da ko ruwan randa sai ya yi ɗumi. Mace mai shekaru, cikin takaba, ba ta da ikon fita ko ƙofar gida ta sha iska. Da rana tana ɗaki da mafici a hannu, da dare ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida sauro yana cizonta. Ni kuma na buɗe tagar ɗakina don kwamfuta ta sha iska, har na ɗora akwatin a kan bulo biyu. Ina ganin bayan wuyanta ya feso da ƙuraje, ina kawar da kai, ina ce wa kaina ai kwana uku ne, kuma don ita nake yi.

Kwana uku suka zama takwas. Matar abokina ta haihu, haihuwar ta zo da wahala, ga hidimar suna. Ban ga laifinsa ba, har yau ban gani ba. Kullum in zan tafi aiki sai in tsaya in dubi 'yar wutar nan shuɗiya, in saurari ƙas-ƙas ɗin, in ja labule in fita. Ko kwado ban taɓa sa wa ƙofar ba. Me zai sa in kulle? Mu biyu ne a gidan, kuma na san ita ba za ta taɓa shiga ɗakin ɗan fari ba.

Ranar ta takwas aiki ya riƙe ni a Maiyama har magariba. Ina shirin tayar da babur hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, ruwan farko na shekarar. Iska ta fara ɗaga kwanon rufin mutane. Ba mai hankalin da zai hau titi a haka, dole na kwana gidan wani abokin aiki. Na tuna da tagar da na bari a buɗe, na yi ta juyi. Mahaifiyata ba ta riƙe waya, maƙwabcin da na kira kuma layinsa bai shiga ba.

Da asuba na kamo hanya. Tun daga zaure na san an yi wani abu, don kunnena ya saba da ƙugin inbata, yanzu kuwa shiru. Na ɗaga labule. An rufe taga, an tokare ta da muciya. An goge ruwan da ya shigo ƙasa. An lulluɓe kwamfutar da wani zane na atamfa da na sani, nata ne, an soke gefensa da kyau yadda ake rufe ƙwaryar fura. Na janye zanen, na kunna inbata, na danna makunni da bisimilla. Ta yi ƙas sau biyu. Allo ya kawo baƙi da ɗan rubutu fari a sama. Na kashe na kunna ya fi sau goma, daga baya ko ƙas ɗin ma ta daina.

Na shiga cikin gida ban san ina tafiya ba. Tana zaune a kan tabarma da carbi a hannu. Ban gaishe ta ba, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, “Inna, wa yash shiga ɗakina?”

Ta dubi gefe ta ce, “Iska yat taso, taga na buɗe, ruwa na zuba ciki. Na jira, ba a dawo ba. Da nish shiga sai nig ga wuta na ci, ba kowa ɗaki, ga tsawa. Sai nid danna wurin da Malam ka dannawa.”

Na ɗaga murya. Ba zan ɓoye muku ba, na ɗaga wa mahaifiyata murya tana cikin takabar ubana. Na ce, “Kin san abin da kinka yi? Muryar Baba ta ciki! Duk hirar da munka yi a zaure, duka tana ciki, ba ta wani wuri. An ce in anka kashe ba ta tashi. Kwana takwas ina tsaron ta!”

Carbin ya tsaya a hannunta. Sannan, karo na farko da zan iya tunawa, ta ɗago ta dube ni a ido.

Ta ce, “Muryatai?”

Na ce e.

Ta ce, “Shi as sa hwanka tad daina?”

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar ta gama haɗa lissafin da kanta. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba a gabana. Ta dubi maficin da ke gefen tabarma ta ce, “Da an hwaɗa min, ai da ni ka kwana can ina yi mata hihita.”

Na durƙusa a wurin, fushin ya zube, abin da ya maye gurbinsa ya fi shi ciwo. Na ce ta yafe mini. Ta ce ba komai, a je a karya, akwai kunu a madafa. Kafin in sha kunun na je na mayar da wayar fankarta. Ina jin ta fara juyawa, amma Inna ba ta shiga ɗakin ba sai da rana ta take.

Washegari na cire faifan na naɗe a cikin hula na kai Aliero. Abokina ya bar baƙin barka ya buɗe shago saboda ni. Ya jona shi a na'ura ɗaya, ya jona a ta biyu, ya kara a kunne, ya juya shi, ya sake jonawa. Wajen la'asar ya ajiye ya ce, “Mu nan garin ƙashi muka ɗorawa in ya karye. Wanga ba karaya ba ta, rai ya hita.” Ya so ya ɗora wa kansa laifi saboda jinkirin da ya yi, na ce ya bari. Daga baya ya aika da shi wurin wani da ya fi shi kayan aiki a Kaduna, bayan wata guda aka dawo mana da shi yadda ya tafi. Yana nan a cikin akwatina har yau, na kasa yarwa.

Kwana huɗun da suka rage na takaba mun yi su kamar baƙi. Ina gaishe ta, tana amsawa, shi ke nan. Ranar fita 'yan'uwa suka cika gida, aka yi addu'a, aka ci abinci, aka watse. Ranar da na tsara zan ba ta mamaki ke nan, ga shi ba ni da komai a hannu. Da la'asar ina zaune a zaure, a inda buzun mahaifina yake a da, sai na ji an ajiye kujera 'yar tsugunne a bayan ƙofa, wurin da take tsintar shinkafa. Ta yi gyaran murya ta ce wa bango, “In da wuri cikin wayar, a aje ta nan.”

Na ajiye wayar a bakin ƙofa na koma gefe. Ta fara daga Kimba, da jakuna biyu. Ta ce ba biyu ba ne ma, uku ne, ɗaya ya mutu a hanya, Malam ba ya son faɗi ne don shi ya ɗora masa kaya fiye da kima. Ta bi labaran nan ɗaya bayan ɗaya, har da kakanni bakwai da makwancinsu, har da yadda ake gane albasar ajiya, don ita ke jera ta a rudu shekara talatin. Ta faɗi abubuwan da shi bai faɗa ba: abin da suka ci shekarar da gulbi ya cinye shuka, da wanda ya hana shi barin noma, wato ita. Wayar take yi wa magana, ba ni ba, saboda haka alkunyarta ba ta taɓu ba. Mun yi sati shida a haka. Ban ce mata “ana ɗauka” ba ko sau ɗaya. Kowane zama kuwa, kafin in kwanta sai na juye shi wuri uku, ɗaya na kai wa ƙanwata ta ajiye a gidanta.

To, mai tambaya, ga abin da zan iya ce maka. Masu gyara sun fi ni sanin abin da ya fi wa na'ura, kuma na ji sun ce na yanzu ba ruwansu, ka kashe ko ka bari duk ɗaya. Ni dai ina kashe tawa kowane dare. Abin da na sani shi ne, in har akwai abin da kake tsoron rasawa idan aka kashe, to ba kashewar ce matsalarka ba, ka tashi yau ka ajiye shi a wuri na biyu. Kuma in kana tsaron wani abu a gida, ka gaya wa mutanen gidan. Na shekara ina cewa a raina ruwan sama ne ya jawo, ko haihuwar matar abokina, kafin na yarda cewa ni ne. Na hana tsohuwa iska kwana takwas saboda muryar mijinta, ban ga ta isa in gaya mata ba. Ita kuma ta karya alkunyar shekara kusan talatin ta shiga ɗakina don kada ruwa ya ɓata mini kaya.

Muryar mahaifina ta tafi. Wannan har yanzu yana yi mini ciwo, ba zan ce ya daina ba. Ina tuna kalmominsa, amma sautin kansa yana ta yin nisa, wani lokaci in rufe ido in neme shi in rasa.

Bayan ta fita takaba na karɓi zagayen daga hannunta, don gwiwoyinta sun fara ciwo. Madafa, randa, fitila, sakata, sannan kwamfutar da na saya daga baya. Watanni ina yi shiru, ba na cewa komai. Wani dare bayan isha'i na zo wucewa ta bakin ɗakinta, ban shirya ba, ban ma san zai fito ba, sai na ji na yi gyaran murya na ce, “Masu ɗaki, an ruhe? An kashe?”

Daga ciki, ba jinkiri, ta ce, “An ruhe, Malam.”

Ina tsaye riƙe da tocila, ina jin fanka tana juyawa a ɗakin. Na ɗaga ƙafa zan wuce ke nan, sai na ji muryarta ƙasa-ƙasa, ba bango take yi wa magana ba wannan karon.

Ta ce, “Sake hwaɗi.”